Bashin Da Mazan Jiya Suke Binmu

Kowace shekara ran 15 ga Janairu manyan ƙasa sukan taru a Abuja, su ajiye furanni, su saki fararen tantabaru domin tunawa da mazan jiya. A dā ran 11 ga Nuwamba ake yi, aka mai da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Waɗansu 'yan'uwa masu tsoron Allah sukan tambaya, ko daidai ne mai bi ya girmama mutumin da aikinsa ɗaukar bindiga ne? Tambayar ba ta banza ba ce, gama yaƙi ba shi da kyau ko kaɗan.

Bari mu duba kakanninmu da aka kai Bama. A 1943 aka ɗebi Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a jirgin ruwa zuwa Indiya, ta 82 ta bi baya a 1944. Da yawansu manoma ne daga Arewa, da Hausa ake magana a bariki. Waɗansu sun shiga don kuɗi, waɗansu kuwa hakimi ne ya nuna su da yatsa. Ba su taɓa ganin Sarkin Ingila ba, Japanawa kuma ba su taɓa cin musu iyakar gona ba. Duk da haka suka ratsa kurmin Kaladan, inda babu hanyar mota, sai dai jirgin sama ya jefo abinci da laima. Zazzaɓi da atuni da matsattsaku suka sha jininsu. A Janairu 1945 suka ci Myohaung. Har wa yau akwai barikin Myohaung a Legas, da na Chindit a Zariya, da Burma Camp a Ankara ta Gana, amma yaro nawa ya san mafarin sunayen nan?

Mu dai waɗanda suka fi ba mu mamaki su ne masu ɗaukar kaya. Dubbai ne, soja ne sosai, amma da yawansu ba bindiga a hannu. Harsashi da abinci suna bisa kansu, a hau dutse a gangara, in an harbi wani kuma su ne za su ɗauko shi. Wanda ke da bindiga yana iya ramawa. Wannan fa sai ya ci gaba da tafiya kawai, domin idan ya yar da kayan, na gaba za su kwana da yunwa a gaban abokan gaba. Wanda ya ce ba zai girmama soja ba saboda zub da jini, me zai ce da wannan?

A Sama'ila ta Biyu sura 23, Dawuda ya yi marmarin ruwan rijiyar Baitalami, jarumawa uku suka keta sansanin Filistiyawa suka ɗebo masa. Ya ƙi sha, ya zuba wa Ubangiji, gama ya ɗauke shi kamar jinin mutanen nan ne. Ku lura, ba wata nasara aka ci da ruwan ba, ƙishin sarki ne kurum. Dawuda ya ga tsadar abin, shi ya sa hannunsa ya yi nauyi. Haka muna iya ƙin yadda Turawa suka kwashi talakawanmu zuwa yaƙin da ba a shawarce su ba, mu kuma tsaya da ladabi gaban wanda ya sa ransa domin ɗan'uwansa. Girman nan kuwa ba ya wanke sojan da ya mari talaka a shingen hanya ya ƙwace masa kuɗi. Yahaya Mai Baftisma bai ce soja su tuɓe kaki ba, amma ya hana su ƙwace.

Sai dai akwai abin tsoro a surar nan. An jera sunayen jarumawan Dawuda, na ƙarshe kuwa Uriya Bahitte ne, wanda sarkin da kansa ya sa aka tura bakin dāga ya mutu, don ya rufe laifinsa. Ashe ana iya rubuta sunan mutum cikin littafin girma bayan an ci amanarsa. A Taukkyan kusa da Rangun an sassaƙa sunaye wajen 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, namu suna ciki. Da yawa daga cikin na Yaƙin Duniya na Farko ma ko wannan ba su samu ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta yarda cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a tuna da su da suna ba.

Kada mu ɗora wa Turawa duka. Tun 2009 samarinmu suke faɗuwa a Barno da Yobe, Kirista da Musulmi cikin rami ɗaya na tsaro. Matansu suna nan a unguwanninmu, waɗansu sun bar gidan bariki da 'ya'ya ƙanana, suna yawon ofis da takardu. Muna roƙon dattawan kowace ekklesiya, kafin Janairu mai zuwa, su zauna su rubuta sunayen gwauraye da marayun soja da ke garinsu, ko na wane addini ne, su bincika wa ya sami hakkin mijinsa, wane yaro kuma aka koro daga makaranta saboda kuɗi. Matan zumunta sun fi mu sanin gidajen, a fara da tambayarsu.