Hutar Da Tsoho: Gata Ne Ko Kisan Mummuƙe?

Duk ɗan kirki a ƙasar Hausa yana da buri guda game da iyayensa, watau ya kai ranar da zai ce, "Baba, ka huta haka nan, ajiye fartanyar." Wannan buri ba abin zargi ba ne, domin addini da al'ada duka sun ɗora wa ɗa nauyin mahaifansa. To, amma ina so mai karatu ya tsaya mu duba abin da yakan biyo bayan ajiye fartanyar. Dattijon da ya yi shekara 50 yana sammakon gona a Kiyako ko Basirka, yanzu an shimfiɗa masa buzu a zaure, ana kawo masa koko da safe, tuwo da dare, kowa ya zo wucewa ya durƙusa ya gaishe shi, amma babu wanda yake bukatarsa da komai. Shin wannan mutum an yi masa gata ke nan, ko kuwa an fara raba shi da duniya tun kwanansa bai ƙare ba?

Masana a Amurka sun yi jayayya a kan wannan tambaya. A 1961 Elaine Cumming da William Henry suka fito da ra'ayin cewa ɗabi'a ce tsoho ya riƙa janye jiki daga jama'a, jama'a su ma su janye daga gare shi, kowa ya huta. Robert Havighurst kuwa ya ce a'a, jin daɗin tsufa yana tare da ci gaba da hulɗa da aiki. Daga baya Robert Atchley ya ƙara da cewa ba kowane aiki ba ne yake da amfani, sai wanda ya yi daidai da abin da mutum ya saba tun ƙuruciya. Ni dai a ganina maganar Atchley ta fi kama hankali, kuma kakanninmu sun riga shi aiki da ita ba tare da sun rubuta littafi ba.

Dubi yadda gidan gandu yake da can. Manomi in ƙarfinsa ya ja baya, sai ya koma tufkar igiya da saƙar tabarma da duba tumaki, shi ne kuma mai faɗin wace gona za a shuka gero, wacce za a bar wa gyaɗa. Tsohuwa tana da mazari da alli tana kaɗi, tana ɓarar gyaɗa, tana yin daddawa, ita ce mai renon yaron da aka yaye, ita ce mai tatsuniya bayan an ci tuwo. Ko wasan da ke tsakanin kaka da jika, inda yaro zai ce wa kakarsa "matata", ita kuma ta ce ta sake shi don rowa, ba shirme ba ne. Hanya ce da al'ada ta buɗe domin tsoho ya sami wanda zai yi raha da shi, tun da 'ya'yansa kunya ta hana su. Watau aikin yana raguwa daidai da ƙarfi, amma ba ya yankewa.

Yanzu fa? Yadin kanti ya kashe kaɗi, igiyar roba ta cika kasuwar Sara, waya ta ƙwace wa tsohuwa masu sauraron tatsuniya, samari kuma sun tafi ci-rani Kano da Abuja da Legas. Kuɗi suna zuwa gida, amma kuɗi ba sa zama hira.

Jiki ma ba ya yafe zama. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana 10 a gado, sai aka tarar a matsakaici sun yi asarar kusan kilo 1 na tsokar ƙafa. Ƙafar da ta yi rauni ita ce take jawo faɗuwa, faɗuwa ta jawo karaya, karaya ta jawo doguwar kwanciya da gyambon baya. Da ma kifi ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi. Haka nan kuma a 1976 Ellen Langer da Judith Rodin sun gwada wani abu a gidan kula da tsofaffi a jihar Connecticut. Wasu tsofaffin aka ba su shuka a tukunya aka ce su ne masu ban ruwa, su ne kuma masu zaɓen ranar da za su kalli silima. Sauran aka ba su shukar, amma ma'aikata ne suke yi musu komai. Bayan mako 3, waɗanda aka ɗora wa nauyi sun fi walwala da kuzari. Abin lura a nan shi ne ba abinci aka ƙara musu ba, ba magani ba. An mayar musu da ikon zaɓi ne da wani abu mai rai da yake jiransu.

Lalle wani zai ce, ai matsalarmu ba ta Amurka ba ce. A ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu akwai dattijon da yake noma yana haki saboda in bai yi ba ba zai ci ba, akwai tsohuwar da take tallan kuka a rana. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya kira irin wannan wahala motsa jiki ya yi zalunci. Bambancin yana wajen dalili. Aikin da yunwa ta tilasta yana cin tsoho, wanda ya zaɓa da kansa, yake iya ajiyewa in ya gaji, shi ne yake riƙe shi. Saboda haka nauyin ɗa biyu ne: ya ɗauke dolen, ya bar masa sha'awar. Na farkon kuɗi yake ci, na biyun haƙuri, shi ya sa aka fi gudunsa.

Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Madalla. Sai dai a wajenmu jinyar tsoho ta dogon lokaci a gida ake yinta, a hannun mata da surukai da jikoki, domin kai mahaifi gidan tsofaffi abin kunya ne. Don haka ɗaliban makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu, da ma'aikatan babban asibitin tarayya da ke garin, su ne suke da damar koya wa iyali wannan ilimi a ranar sallamar majinyaci. Bayan an faɗi ƙa'idar shan magani, a tambaya, "Baba, da wace sana'a kake yi?" In mai shanyewar ɓarin jiki maɗinkin hula ne, a nemi abin da hannun nan zai koma taɓawa. In malami ne, a bar yara su riƙa kawo masa allo yana biya musu. Tsohuwar da gigin tsufa ya kama takan manta sunan jikanta, amma sau da yawa hannunta bai manta tsince wake ba. A ba ta faifai a tsakar gida inda mata suke hira, ko da daga baya sai an sake tsince waken a ɓoye.