Shagalin Kaka da Hukuncin Giya a Ƙasar Bagudo

Bikin kaka tsohuwar al'ada ce a duk inda jama'a ke rayuwa da noma. A Limasol, wani gari na bakin teku a tsibirin Kubrus, tun 1961 aka saba yin bikin giyar inabi a ƙarshen lokacin zafi, sa'ad da ake tsinkar inabi. Mutanen Savalou a Jamhuriyar Benin suna bikin sabuwar doya ranar 15 ga Agusta, Dakarkarin Zuru suna da Uhola, ƙauyukan Hausawa kuma suna da kalankuwa. Kusan ko'ina abubuwa uku ne ke haɗuwa: godiya, da shagali, da rabon abin da ƙasa ta bayar. A wurare da dama giya tana shiga ciki, shi ya sa malamai suka daɗe suna tattauna abin da ya halatta ga Musulmi a irin wannan taro.

Ƙaramar hukumar Bagudo, a masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi, wuri ne da wannan tambaya ke tasowa kowace shekara. Kogin Kwara ya ratsa ta, fadamunta suna ba da shinkafa, tudunta gero da dawa. Illo, da ke cikinta, tsohon garin Bargu ne, ɗan'uwan Busa da Nikki, kafin yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar biyu. Busawa da Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa suna ƙetare iyaka ta Tsamiya zuwa Segbana, ko ta Lolo zuwa Malanbil, don kasuwa da zumunci. Kebbi ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, Benin kuwa tsarin mulkinta bai jingina ga wani addini ba, kuma a sassan arewacinta ana dafa burkutu a fili. Ke nan dangi ɗaya na iya zama ƙarƙashin dokoki biyu.

Batu na farko shi ne wa ake gode wa. A tsohuwar al'ada akan yi yanka a gindin wata itaciya ko a bakin ruwa, a zuba sabuwar giya a ƙasa don iskoki ko kakanni kafin kowa ya taɓa sabon hatsi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki wannan a Nurul Albab, domin a wurinsa yanka ibada ce, ba a yin ta sai don Allah. Amma fiƙihu yana da ƙa'idar cewa ana aiki da al'ada matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba. Saboda haka kokawa da dambe da tseren jirage da cin abinci tare ba su da hukunci ɗaya da tsafi, ko da yake malamai sun saɓa a kan kiɗa da cuɗanyar maza da mata.

Na biyu shi ne giyar kanta. Alƙur'ani ya haramta ta mataki-mataki: aya ta 219 a Suratul Baƙara ta nuna zunubinta ya fi amfaninta, ta 43 a Nisa'i ta hana salla cikin maye, ta 90 a Ma'ida ta rufe ƙofar. A mazhabar Malikiyya hukuncin bai tsaya ga inabi ba, ya haɗa duk abin da ke gusar da hankali, kaɗan ne ko mai yawa. Dawar da ake tuwo da kunu da ita, ita ce ake jiƙawa har ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami ta zama burkutu. Hatsin ba shi da laifi, abin da aka nufa da shi ake dubawa. Malikawa sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, a kan haka ake auna ɗan kasuwar da ke sayar da dawa a bakin iyaka: idan ya tabbata mai dafa burkutu ce ke saye, sai ya janye, idan bai sani ba, ba a ɗora masa bin diddigin kowane buhu. Maƙwabcin da ba Musulmi ba kuwa yana nan da haƙƙinsa na gaisuwa da ziyara da taimako.

Na uku shi ne rabo, a nan ne Musulunci ya mayar da godiya abin aunawa. Aya ta 141 a Suratul An'am ta yi umarni a fitar da haƙƙin amfanin gona, wato zakka, ranar girbi. Nisabin hatsi wusuƙi 5 ne, wato sa'i 300. Gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da kashi ɗaya cikin goma, wadda aka wahala wajen ban ruwanta ɗaya cikin ashirin. Manomin Ka'oje da geronsa na damina ya kai nisabi zai ware dami ɗaya cikin kowane goma, mai shinkafar rani da ke sayen fetur don injin ban ruwa zai fitar da rabin haka. Ana ba da zakkar ga matalauta da mabuƙata na garin da aka yi noman, ba a cika kai ta nesa ba sai an sami waɗanda suka fi buƙata.