Me Mutane Za Su Ce? Su Ce!

Kai da ke isa tashar Birnin Kudu tun kafin a kira assalatu, ke da ke soya ƙosai hayaƙi na cin idonki, ku da ke ɗora buhunan riɗi a kasuwar Sara ta Gwaram, wa ya isa ya koya muku jarumta? Kun san zafin rana, kun san nauyin bashi, kun san daminar da ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai. Duk ba su kayar da ku ba. Abin da ke ɗaure ƙafar ƙato tambaya ce ƙarama: me mutane za su ce?

Dubi 'yan cin rani. A watan Janairun 2013 Kano ta hana acaɓa a cikin birni. A 2022 Legas ta hana a ƙananan hukumomi shida. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi, ribar ta tsuke. Amma har yau akwai ɗan'uwanmu da ke kwana a rumfar wani a can Kudu, ya san sarai harkar ta mutu, ya kasa dawowa. Me ya riƙe shi? Kunyar shiga unguwa ba tsaraba. Malam, dawo! Sayar da babur ɗin, ka sayi injin ban-ruwa, ka nemi fadama ko da ta aro ce, ka zuba albasa da tumatir. Ko ka je wurin mai walda, ko da ƙaninka ne a haife, ka ce ka zo koyo. Zai aike ka sayen ƙarfe, 'yan majalisa su yi dariya. Su yi! Dariyar ta mako biyu ce, sana'ar kuwa ta zauna a hannunka. Ranar da ka haɗa ƙofar farko aka biya ka, cikin masu dariyar ne wani zai zo neman ragi.

Ke kuma, Hajiya, da kika ajiye biro ranar da aka kai ki ɗaki, ko aure ya mutu kika dawo gida da goyo, wa ya ce an rufe rajista da ke? Makarantar koyon aikin jinya da ungozoma tana nan Birnin Kudu, ga Asibitin Tarayya kusa da ita, kuma matan ƙauyukanmu sun fi sakin jiki in mace ce ta karɓi haihuwarsu. Hanyar ba gajera ba ce: sai an gyara takardar sakandare, sai an shawo kan maigida, wani lokaci uwar miji ce ma babbar jarrabawar. Ki zauna da su cikin ladabi, ki kawo wanda suke jin nauyinsa, ki maimaita buƙatarki har ta shiga. Matar da ke riƙe adashen mutum ashirin ba ta taɓa ɓatar da naira ɗaya ba, ita ce lissafin aji zai gagara?

Ana yawan ba mu labarin Aliko Dangote, wanda ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu. Na san abin da za ka ce: ai shi jinin Dantata ne, da jari ya tashi. Gaskiyarka. Amma lura da abu ɗaya: shigo da siminti da sukari na kawo masa kuɗi a sauƙaƙe, ya bar sauƙin ya shiga kafa masana'antu da tulin bashi a wuya. Barin abin da aka saba yana da ɗaci ko a wurin mai kuɗi, balle kai da za ka haɗiye shi da ruwan randa. Shi ya sa naka ya fi burge ni.

Saurayin da ke son rabuwa da ƙwaya, ka san abokan da za ka daina zama da su. Mai tarin da ya ƙi jin magani wata da watanni, ka san hanyar asibiti. Mai gaba da ɗan'uwansa a kan gonar gado, ka san ƙofar gidan. Yi istihara, shawarci babba guda mai riƙe sirri, ka sa rana, kada ta wuce Juma'ar nan. In ta zo, sa takalminka, je ka yi sallama!