Gida Ya Yi Kyau, Zuciya Fa?

Kwanakin baya na kalli Revolutionary Road, fim ɗin Amurka na 2008 wanda Sam Mendes ya ba da umarni. Jaruman Titanic ne a ciki, Leonardo DiCaprio da Kate Winslet, sun fito a Frank da matarsa April. A 1955 ne, suna zaune a unguwar masu hali a bayan gari, ga gida, ga mota, ga 'ya'ya biyu, amma kullum faɗa. April ta ce su tattara su koma birnin Paris. Frank ya yarda, sai ga tayin ƙarin girma a wurin aiki, ita kuma ga ciki, ya janye. Ta zubar da cikin da kanta, ta mutu.

Abokina mai sayar da albasa a kasuwar Ose ta Anacha ya ce, "Ƙoshi ne kawai, Malam." Ban yarda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ke wuni ita kaɗai, ba mai tambayarta me take so da rayuwarta, ciwonta gaskiya ne. Da sunan godiyar Allah mun sha rufe bakin matanmu a nan ma.

Inda nake da ja da fim ɗin shi ne ya bar mai kallo yana cewa da sun tafi da sun tsira. Mu da muka baro Kano da Sakkwato mun san ƙaura tana canza kasuwa, amma mutum da halinsa yake sauka daga mota. Kuma yaran nan biyu kusan ba a ganinsu, kamar ba su da haƙƙi a kan kowa. Maƙwabta kuwa an mayar da su abin raini.

To, mu dubi kanmu. Wanda Allah ya buɗa wa a Inugu yakan bar Owerri Road ya koma Independence Layout, na Fatakwal ya bar Diobu ya shige GRA. Ba laifi, halal ɗinsa ne. Amma maigida yana dawowa cikinmu kullum, ya yi sallah, ya yi hira. Uwargida fa, da aka raba da matan layi da biki da suna, aka bar ta da katanga da maigadi?

Kafin ka biya kuɗin sabon gida, ka tambaye ta: in ranta ya ɓaci da rana, ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa?