Shin Sanyin Jiki Rashin Tawakkali Ne?

Makon jiya wani bawan Allah ya tare ni bayan La'asar, ya ce tun da aka fitar da sunayen maniyyata aikin Hajji babu nasa, jikinsa ya yi sanyi. Abokinsa kuwa ya ce masa wannan rashin tawakkali ne.

Bari mu fara duban kalmar. Bahaushe ba ya cewa jikinsa ya yi sanyi sai abin da ya sa wa rai ya kuɓuce masa, ko ya ji labarin da ya rage masa kuzari. Bai kai baƙin ciki mai hana barci ba, ya kuma sha bamban da ɓacin rai, domin shi ɓacin rai tafe ya ke da zafi, yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Mai sanyin jiki ba ya zargin kowa. Za ka gan shi ya yi tagumi, ka gaishe shi ya amsa da ƙyar, amma da ladan ya kira salla sai ya miƙe. Har akan ce jikin wane ya yi sanyi idan wa'azi ya ratsa shi, wannan kuwa yabo ne.

To, wa ya fi annabawa tawakkali? A Suratu Yusufa, aya ta 84, idanun Annabi Yakubu sun yi fari don baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahimu ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira. Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai Manzo ya nuna masa cewa wannan jinƙai ne. Buhari ya ruwaito shi.

Abin da shari'a ta hana shi ne aikin harshe da na hannu, watau kururuwa, da yaga tufafi, da tuhumar hukuncin Ubangiji. Haɗarin sanyin jiki kuwa shi ne ya daɗe har ya rikiɗe ya zama yanke ƙauna. Annabi Yakubun nan da ya yi kuka, shi ne a aya ta 87 ya aiki 'ya'yansa neman Yusufa, ya hana su fid da rai daga rahamar Allah. Ina jin dalilin ke nan tsofaffinmu kan janye hannun yaro in sun ga ya yi tagumi.

Na ce wa mutumin nan ya bar guzurinsa a ajiye, ya sake nema baɗi. Abokin nasa kuma ya je ya ba shi haƙuri.