Mai Ceton Talaka, Wa Ya Isa Ya Ce Masa A'a?



A 1934 jam'iyyar Kwaminis ta Tarayyar Sobiyet ta yi babban taronta na 17 a Mosko. Jam'iyya ce da ta karɓi mulki da sunan ma'aikata da manoma. Wakilai 1,966 suka hallara, aka yi ta tafa wa Stalin. A taro na 20, a 1956, Khrushchev ya shaida wa wakilai cewa an kama 1,108 daga cikin masu tafin nan, kuma cikin 'yan kwamitin ƙoli 139 da aka zaɓa a wancan taro, an harbe 98.

Me ya cinye su? Wani zai ce ai musun Allah suka yi, shi ke nan. Wannan ɓata ne, babu shakka. Amma in muka tsaya nan, mun wanke kanmu da araha. Ni a ganina akwai wata cutar da ba ta tambayar addinin mutum: taron da babu mai iya cewa a'a a cikinsa.

A gida ma mun ɗanɗana. PRP ba ta kwaminis ba ce, amma ta talakawa ce, gwamnoninta suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979. Ba a jima ba saɓani ya koma kora, aka rabu santsi da taɓo. Ku kuma duba Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Tun kafin a ci Alƙalawa a 1808 ya ga son duniya ya shigo cikin jama'ar jihadi, ya faɗa a fili, har ya bar rundunar ya tafi Kano. Ba a halaka shi ba, littattafansa ake karantawa har yau.

Yanzu a ƙauyukan Sabon Birni da Isa 'yan bindiga ke sa wa manoma haraji. Wanda wuya ta ci, duk wanda ya ce zai cece shi tafa masa yake, ɗan siyasa ne, shugaban 'yan sa-kai ne, ko malami irina. To kafin tafi, mu tambaya: in ya kashe marar laifi, ko ya ci kuɗin gudummawa, wa zai tsawata masa a gaban jama'a ya kwana lafiya? Inda babu wannan mutum, babu shura, zalunci riga kawai ya canja.

Allah Ya zaunar mana da yankinmu lafiya, Ya ba shugabanninmu kunnen jin gyara. Amin.