Haƙƙin Kurma a Kan Masu Ji

Malamai sun yi bayani mai yawa a kan haƙƙoƙin da Musulmi ke da su a wuyan ɗan'uwansa, tun daga amsa sallama da gaida majinyaci har zuwa raka gawa, amma akwai wani haƙƙi da yake ƙarƙashin dukkansu, wanda in babu shi sauran ba sa tsayuwa, shi ne mutum ya samu wanda zai fahimce shi. A ƙasarmu ta Bengu, inda Bahaushe da Badande da Bazabarme da Bafillace suke cin kasuwa ɗaya, inda mai fataucin gishirin Foga ya sha tsallaka gadar Gaya zuwa Malanbil ko ya nufi Kamba, ya koyo harshen baƙi gwargwadon abin da zai ishe shi ciniki, abin kunya ne gare mu a ce kurman da aka haifa a tsakar gidanmu ya yi furfura ba a sami mutum biyar da suke iya zance mai tsawo da shi ba.

Da yawa daga cikin kurame ma da jinsu aka haife su. Sanƙarau, wanda ya yi ɓarna mai tsanani a Nijar a 1995 da arewacin Nijeriya a 1996, yakan ɗauke jin yaron da ya bari da rai. Sai uwa ta ga ɗanta ya miƙe daga jinya, ta kira sunansa daga bakin murhu har sau uku bai waiwayo ba, ta zaci taurin kai ne, har ranar da ƙwarya ta faɗi a bayansa bai ko firgita ba. Daga wannan rana mas'alar ta hau kanmu: shin shi ne zai yi ta fafutikar isowa gare mu, ko mu ne shari'a ta ɗora wa nauyin isa gare shi?

Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya ba su bar wannan babi a rufe ba, domin sun zartar da cewa isharar bebe, matuƙar ana gane ta, tana tsayawa matsayin lafazi a aure da saki da ciniki, har ma sun karɓi shaidarsa a gaban alƙali, alhali Hanafiyya ba su karɓa ba. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya yi kwana uku ba ya magana da mutane sai da nuni, da Nana Maryamu wadda ta amsa tuhumar mutanenta da ishara zuwa ga jaririnta. Abin da na fahimta daga nan shi ne, hankali da taklifi ba a kan harshe suka rataya ba, kuma sharaɗin nan na a gane ishara nauyi ne da ya faɗo kan masu ji, tunda ba a ganewa sai an koya. Saboda haka ina ganin koyon maganar kurame farali ne na kifaya a kan kowane gari.

Ba kuwa daga waje za a fara nemo ta ba. A Kano kurame suna da maganar hannu tasu wadda suka gada kaka da kakanni, har da sarautar Sarkin Bebaye, kuma wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da su ta fitar da littafi a kan nahawunta a 2000. Makarantun zamani kuwa, waɗanda tushensu ya koma ga Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka da ya buɗe makaranta a Gana a 1957 da Ibadan a 1960, ishara ta Amurka suka yaɗa, ta yadda yaro zai dawo hutu daga makarantar kurame ta Yamai da harshen da mahaifiyarsa ba ta sani ba.

Yanzu kuma ga zamanin na'ura, ana ba ɗalibai kuɗi don su ƙirƙiro abin da zai haɗa kurma da mai ji. A 2016 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Washington sun ci kyautar dala 10,000 da safar hannu mai mayar da motsin yatsu magana, duniya ta yi ta yabo, sai dai masana harshen kurame suka yi raddi da hujja mai ƙarfi: babban rabo na nahawun ishara a fuska yake, ɗaga gira shi ke mayar da zance tambaya, safa kuwa ba ta ganin gira, sannan kurma ne zai ɗaura wayoyi don a ji shi, mai ji kuma bai ɗauki ɗawainiyar komai ba, amsarsa ma ba ta komawa. Ba na ƙin na'ura, domin na ga yadda kiran bidiyo a wayar hannu ya sa kurma a Gaya yake hira da abokinsa a Birnin Kebbi, yana jingine wayar da tulu don hannuwansa biyu su sami sarari. Abin da nake ƙi shi ne na'urar da za ta zama uzurin masu ji na sauke faralin da ke kansu.

Idan hukumar da ke raba tallafin karatu a Yamai, ko Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014, ko attajiranmu masu neman sadaka mai gudana, za su fitar da kuɗi a wannan fanni, to a sa kurame da kansu cikin waɗanda za a ba, a kuma fara da ɗaukar isharar tsofaffin kuramen ƙauyuka a bidiyo kafin su ƙare, domin babu kwamfutar da za ta fassara harshen da ba a tattara mata ba. A horar da tafintoci waɗanda za su tsaya kusa da liman ranar Juma'a, da kusa da ungozoma a ɗakin haihuwa, inda mace kurma take naƙuda ana ba ta umarni da baki. A kuma ba almajiran ilmi aikin zama da kurame su daidaita isharar alwala da farillan salla da hukuncin gado, a sa su a waya ta yadda malamin zaure a Bengu zai iya buɗewa ya koya, sannan ya karantar.